Cutar VHL da ƙarin jijiyoyin jini a ƙwaƙwalwa: yaushe ake fiɗa, yaushe ake jira?

Likitan fiɗar ƙwaƙwalwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so mu zauna a kan wata cuta da ba kasafai ake gamuwa da ita ba, amma in ta shiga gida sai ta bi zuri'a: cutar von Hippel-Lindau, wadda ake taƙaita sunanta da VHL. Sunan likitoci biyu ne. Eugen von Hippel, likitan ido a Jamus, shi ya bayyana ƙarin da ke fitowa a bayan ido a 1904, sai Arvid Lindau na ƙasar Suwidin ya nuna a 1926 cewa ƙarin ido da na ƙwaƙwalwa tushensu ɗaya. Ana samun cutar a kusan mutum 1 cikin 36,000.

Ƙarin da ya fi shafarmu shi ne hemanjiyobilastoma. Dunƙule ne na ƙananan jijiyoyin jini masu yawan gaske, ja wur kamar tsokar hanta idan aka gan shi a wurin tiyata. Ba kansa ba ne, wato ciwon daji, ba ya yaɗuwa zuwa wasu gaɓoɓi. Illarsa ita ce inda yake zama: ƙaramar ƙwaƙwalwar da ke ƙeya mai kula da daidaiton tafiya, da laka, da kututturen ƙwaƙwalwa inda numfashi da haɗiya suke. Tsakanin kashi 60 zuwa 80 cikin ɗari na masu VHL sukan same shi, yawanci a shekarun ƙuruciya, kuma sau da yawa ba guda ɗaya ba.

Ga tambayar. An yi wa matashi mai VHL hoton MRI, an ga ƙari uku ƙanana a ƙeya, ɗaya a laka, kuma lafiyarsa lau, ba ciwon kai ba jiri. A cire ko a bari?

Likitar jijiya:
Wa alaikumus salam Dokta. A bari, a sa ido. Dalilina shi ne yadda ƙarin nan yake girma. Ba ya tafiya a jere kamar yadda mutane suke zato. Sai ya yi shekaru a tsaye cak, ya motsa na ɗan lokaci, ya sake tsayawa. Binciken da aka buga a 2014 daga cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Amurka, wanda ya bi marasa lafiya 225 na tsawon shekaru, ya nuna kusan rabin ƙare-ƙaren ba su ƙara girma ba a duk lokacin da aka bi su, kuma mafi yawan waɗanda suka girma sun yi ne da wannan salo na tafiya da tsayawa. To idan aka ce duk abin da hoto ya nuna sai an buɗe kai, mutum ɗaya zai iya shan tiyata biyar ko shida a kan abin da da an bar shi ba zai taɓa damunsa ba. Kowace buɗewa kuma tana barin tabo, tana ƙara wa ta gaba wahala.

Ma'aikacin jinya:
Dokta, ki yi haƙuri, a nan ina da ja. Wanda ke kula da marasa lafiya bayan tiyata ya san bambancin wanda aka yi wa aiki yana tafiya da ƙafarsa da wanda aka kawo a sume. Jiran alama yana da kyau a takarda, amma alamar farko a ƙeya wani lokaci ita ce ta ƙarshe kafin ruwa ya taru a kai. Me zai hana a cire tun yana ƙarami, tunda ƙaramin ya fi sauƙin fita?

Likitan fiɗar ƙwaƙwalwa:
Malam, tsoronka yana kan hanya, kuma shi ya sa jira ba ya nufin a sallami mutum ya tafi sai ya ji ciwo. Bari in faɗi abin da ke kawo suman da kake magana a kai, domin sau da yawa ba tsokar ƙarin ce ke yin ɓarnar ba.

Jijiyoyin da ke cikin ƙarin suna yoyo. Ruwan jini yana tsatsowa ta bangonsu ya shiga naman ƙwaƙwalwar da ke kewaye. Da farko kumburi ne kawai. Idan yoyon ya fi ƙarfin abin da naman zai iya tsotsewa, sai ruwan ya taru ya zama jaka a gefen ƙarin. Za ka ga ƙarin bai wuce ƙwayar wake ba, amma jakar ta kai ƙwan kaza, kuma jakar ta fi ƙarin saurin girma nesa ba kusa ba. Ita ce ke danne mashigar ruwan ƙwaƙwalwa da ke gaban ƙaramar ƙwaƙwalwa. Da zarar mashigar ta toshe, ruwa ya taru a sama, sai ciwon kai na asuba, amai ba tare da tashin zuciya sosai ba, gani biyu-biyu, barci mai nauyi. A laka irin wannan ne, sai dai ruwan yakan yi dogon rami a tsakiyar lakar, ya hau sama ya sauka ƙasa, ya wuce inda ƙarin yake da nisa.

Saboda haka abin da muke dubawa a hoto ba girman tsokar kaɗai ba ne. Akwai kumburi a kewaye? Jaka ta fara fitowa? Ta ƙaru daga hoton baya? Mashigar ruwa ta fara matsewa? Ƙari mai jakar da ke girma kusa da mashigar ruwa ba ma jiran ya kwantar da mutum, ana sa ranar aiki. Ƙaramin da ke zaune shiru ba kumburi, shi ake bari, a maimaita hoto bayan wata shida zuwa shekara gwargwadon wurinsa.

Ma'aikacin jinya:
To na yarda da wannan rabe-raben. Amma sai a koya wa marar lafiya da mutanen gidansa alamomin da ba a kwana da su: tangaɗi kamar na mai maye, hannu ya riƙa kuskure abin da zai ɗauka, rubutu ya lalace, shaƙuwa mai naci da ta ƙi tsayawa, ƙwarewa wajen shan ruwa, canjin murya, dindiris ko rauni a hannu ko ƙafa, riƙewar fitsari. Shaƙuwa da ƙwarewa su ne aka fi rainawa, alhali suna iya nuna ƙarin yana kututturen ƙwaƙwalwa.

Mai ɗaukar hoton MRI:
Tunda komai ya rataya a kan hoto, bari in ja hankali kan kurakuran da ke sa hoton ya zama banza.

Na farko, yin MRI ba tare da ruwan gadoliniyam da ake sawa ta jijiya ba. Ƙarin milimita 2 ko 3 ba ya fitowa sai da shi. Idan aka sa ruwan kuwa yakan haska fes. Na biyu, a ɗauki kai a bar laka. Dole a haɗa daga ƙeya har ƙarshen gadon baya, domin mutum na iya zuwa da ciwon kai alhali akwai wani ƙarin a tsakiyar baya. Na uku, yanka mai kauri. Idan tazarar yankan hoton milimita 5 ce, ƙaramin ƙari zai iya faɗawa tsakanin yanka biyu. A ƙeya ana son yanka siriri, kamar milimita 1.

Sai na huɗu, wanda ya fi ba ni takaici: marar lafiya ya zo ba tsohon hotonsa. Rahoton da aka rubuta a takarda bai isa ba, faifan hoton ake buƙata, a jera na bara da na bana a auna. Mai wannan cuta ya adana kowane faifai da kwanan watansa, duk inda za shi ya tafi da su. Kuma kafin a sa ruwan a duba aikin ƙoda, musamman wanda aka taɓa yi wa tiyatar ƙoda. Sitisikan, wato hoton CT da ake ɗauka da hasken ekisire, yana da amfani a gaggawa don ganin ko ruwa ya taru, amma ba shi ne na bibiya ba, don wanda za a yi wa hoto duk rayuwarsa bai kamata a riƙa tara masa hasken ekisire ba.

Likitan sa barci:
Kafin a yi nisa da maganar fiɗa, akwai abin da nake roƙon kowa ya riƙe. Kada a kai mai VHL ɗakin tiyata, kowace iri ce, ko haihuwa, sai an tabbatar ba shi da ƙarin adirinal, wato fiyokuromosayitoma. Adirinal su ne 'yan ƙullutun nan biyu da ke zaune a saman ƙoda. Kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na masu cutar suna samun wannan ƙarin, yana fitar da sinadarin da ke matse jijiyoyi. Wani yana da alama: ciwon kai, zufa, bugun zuciya, hawan jini mai zuwa yana tafiya. Wani kuwa ba ya jin komai har ranar da aka sa masa bututun numfashi, jini ya haura sama da 250, zuciya ta rikice ko jijiya ta fashe a kai.

Ga wani tarko da ya shafi masu ƙari a ƙwaƙwalwa kai tsaye. Mutum ya zo da amai da kumburin ƙwaƙwalwa, me aka saba ba shi? Metokulofiramid don amai, deksametazon don kumburi. Dukansu biyu an san suna iya tayar da wannan ƙarin na adirinal. Ba cewa nake kada a ba da deksametazon idan rai na cikin haɗari ba, amma a bayar da sanin abin da ka iya biyowa, ana auna hawan jini a kai a kai.

Gwajin shi ne auna metanefirin, wato ragowar sinadarin da ƙarin ke fitarwa, a jini ko a fitsarin awa 24. Idan na jini ne, a yi shi da safe kafin cin abinci, mutum ya kwanta rigingine minti 20 zuwa 30 kafin a ɗiba, in ba haka ba sakamakon yakan hau ba gaira ba dalili. Magunguna irin su amitiriftilin da wasu magungunan mura masu buɗe hanci suna ɓata shi. Idan ya tabbata, sai a fara da maganin da ke sassauta jijiyoyi, irin su dokzazosin ko fenoksibenzamin, na kwana 7 zuwa 14, a ƙara gishiri da ruwa don jijiyoyin su cika. Maganin rage bugun zuciya irin su furofuranolol sai bayan kwana biyu ko uku da fara wancan. Wanda ya juya tsarin ya fara da shi, jini zai ƙara hawa ne, domin ya rufe hanyar da jijiyoyi ke buɗewa ya bar wadda ke matse su. A ƙa'ida adirinal ake fara cirewa kafin a je kai, sai dai in gaggawar kan ta hana.

Likitan fiɗar ƙwaƙwalwa:
Allah ya saka da alheri Dokta, wannan shi ne matakin farko a jerin shirinmu. Game da aikin kansa, akwai ƙa'idoji uku da ba a karyawa. Ba a soka wa ƙarin nan allura don ɗiban nama, kuma ba a shiga cikinsa a riƙa gutsurowa kamar yadda ake yi wa wasu ƙare-ƙare, don jinin da zai ɓalle yana da wuyar tsayarwa. Ana bin gefensa ne, a ƙona a yanke jijiyoyin da ke kai masa jini ɗaya bayan ɗaya, a bar babbar jijiyar da ke kwashe jinin sai a ƙarshe. Idan aka rufe ta da wuri, jini na shiga ba ya fita, ƙarin ya kumbura ya fashe a hannunka. Sannan a ɗauke shi ɗungurungum.

Jakar ruwan da ke gefe ba a buƙatar cire bangonta, bangon naman ƙwaƙwalwa ne da aka danne. Da zarar tsokar da ke yoyo ta fita, jakar takan motse da kanta, haka ma ramin da ke cikin laka. Kuskuren da ake yi shi ne a zuƙe ruwan a bar tsokar, ko a bar ɗan guntunta. Mutum zai ji sauƙi na wasu makonni, ruwan ya dawo. Idan ƙarin babba ne mai jijiyoyi da yawa, wani lokaci ana toshe jijiyoyin ta bututu kwana ɗaya ko biyu kafin aiki, amma wannan ma yana da nasa haɗarin na zubar jini ko mutuwar wani sashe, don haka ba kowa ake yi wa ba. Bayan aiki abin da ake tsaro shi ne yoyon ruwan ƙwaƙwalwa ta ɗinki, kumburi mai laushi a ƙeya, zazzaɓi da sanƙarewar wuya.

Ɗaliba a sashen lafiya:
Malamai, ina da tambaya. Me ya sa ba za a yi gashi kawai ba, irin wanda ake harba haske a wuri ɗaya ba tare da an buɗe kai ba?

Likitar jijiya:
'Yata, yana da wurinsa amma wurin ƙarami ne. Yana aiki a kan ƙari ƙarami, ƙasa da santimita 3, marar jaka, a wurin da wuƙa ba za ta kai cikin aminci ba, ko ga wanda jikinsa ba zai ɗauki tiyata ba. Ba ya taɓa jakar ruwa, kuma tasirinsa sai an ɗauki watanni ko shekaru, don haka bai dace da wanda mashigar ruwansa ke toshewa yau ba. Yana ma iya ƙara kumburi na ɗan lokaci. Kuma ki tuna ƙarin nan yakan tsaya da kansa. Idan aka gasa shi aka ga shekara biyu bai motsa ba, ba lallai gashin ne ya tsayar da shi ba. Da aka bi marasa lafiya shekaru goma zuwa sama, an ga nasarar tana raguwa sosai idan aka kwatanta da ta shekarun farko. Gasa ƙarin da ba ya damun kowa don rigakafi, ni ban goyi baya ba.

Likitar ido:
Kada wanda ke karanta mu ya ɗauki wannan hukunci na jira ya kai shi ido. A ido akasin haka ne. Irin wannan ƙarin yana fitowa a tantanin bayan ido, kuma sau da yawa shi ne farkon abin da cutar ke nunawa, a matsakaici wajen shekara 25, wani lokaci tun yaro bai shiga makaranta ba. Yana farawa a gefe inda mutum ba ya lura. Yana yoyo, ruwa da maiƙo su gangaro tsakiyar gani, ko tantanin ya ɗaye gaba ɗaya. Lokacin da mutum ya ce ganinsa ya ragu, an riga an yi asara.

Ƙarami, wanda bai wuce milimita 1.5 ba, leza tana kashe shi a zama ɗaya ko biyu. Wanda ya fi haka kuma yana can gefe, ana daskarar da shi da sanyi ta bayan ƙwayar idon. Wanda ya girma har ya ja tantani sai tiyata, sakamakon kuma ba ya kai na farko. Wanda ke manne da jijiyar gani shi kaɗai ne muke bari mu sa wa ido, don ƙona shi na iya cinye ganin da ake son ceto. Gwajin kuwa ba karanta haruffa a bango ba ne. Dole a ɗiga maganin buɗe ƙwayar ido a duba har gefe-gefe, tun daga shekarar farko ta rayuwa, duk wata 6 zuwa 12.

Likitan kunne:
Kunne ma yana bin hukuncin ido. Kusan 1 cikin 10 suna samun ƙari a wata 'yar jaka da ke cikin ƙashin kunne na ciki. Alamarsa ƙarar kunne, jiri mai juya ɗaki, da raguwar ji, shi ya sa ake ɗaukarsa ciwon Meniya, wani ciwon kunnen ciki mai irin waɗannan alamomi, a yi ta ba da maganin jiri. Ko ƙarami ne yana iya zubar da jini cikin kunnen ciki, ji ya ɗauke a rana ɗaya kuma ba ya dawowa. In an gan shi a hoto ana cirewa tun ji yana nan.

Masanin ƙwayoyin gado:
Bari in koma tushe, don 'yar uwarmu ɗaliba da masu bibiya. Ƙwayar gadon VHL tana kan kuromozom na 3, an gano ta a 1993. Aikinta ta samar da wani furotin da ke share wani sinadari mai suna HIF idan iskar oksijin ta wadata. HIF shi ne mai kururuwar cewa iska ta yi ƙaranci, a gina sabbin jijiyoyi, a ƙara jini. Idan furotin na VHL ya lalace, HIF ya taru, ƙwayar halittar ta ɗauka tana shaƙewa alhali iska na nan, sai ta yi ta kiran jijiyoyi. Wannan ne ya sa ƙarin yake cike da jijiyoyi, ya sa kuma wasu marasa lafiya jininsu ke yin yawa fiye da kima. Gano wannan tsari ne ya sa aka ba William Kaelin da Peter Ratcliffe da Gregg Semenza kyautar Nobel a 2019.

Kowa yana da kwafi biyu na ƙwayar, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Mai cutar an haife shi da ɗaya a lalace a duk jikinsa. Duk ƙwayar halittar da ta rasa na biyun daga baya, a nan ƙari ke tsirowa. Shi ya sa suke fitowa da yawa, a wurare daban-daban, a lokuta daban-daban.

Gadonta ya bambanta da na sikila, kuma nan ake yawan ruɗewa. Sikila sai uwa da uba duka sun ba da. VHL mahaifi ɗaya ya isa, uwa ko uba, kuma kowane ciki yana da rabi da rabi, mace ko namiji. Ba a cewa tunda na fari ya samu na biyu zai tsira, kowane ciki lissafinsa daban. Da wuya kuma a samu mai ɗauke da ita lafiya lau har abada kamar mai AS: sama da kashi 90 cikin ɗari sukan nuna alama kafin shekara 65. Kusan kashi 20 cikin ɗari kuma su ne na farko a danginsu, canjin a kansu ya fara, don haka rashin tarihi a gida bai kore ta ba.

Ɗaliba a sashen lafiya:
To Malam, duk wanda aka samu da hemanjiyobilastoma ɗaya yana da VHL ke nan?

Masanin ƙwayoyin gado:
A'a, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne. Sauran ƙari ne guda da ya zo shi kaɗai, yawanci a manyan shekaru, in an cire shi an gama. Amma duk wanda ya samu yana matashi, ko aka ga fiye da ɗaya, ya cancanci gwajin jini da duba ido da hoton ciki. A asibiti ana tabbatar da cutar idan akwai tarihi a dangi da ƙari ɗaya daga cikin nata, ko kuma ba tarihi amma akwai hemanjiyobilastoma biyu, ko ɗaya tare da ƙarin ƙoda ko adirinal.

Gwajin jinin kashi biyu ne, kuma a tabbatar ɗakin gwaji ya yi duka: karanta haruffan ƙwayar, da neman ko wani yanki nata ya ɓace gaba ɗaya. Wanda ya yi na farko kaɗai zai kuskure iyalai da yawa. In an haɗa biyun ana gano kusan duka. A fara da wanda ke da cutar. Idan an san takamaiman canjin da ke gidan, gwajin sauran dangi ya zama mai sauƙi.

Malamar jinyar yara:
Ni inda zuciyata ba ta kwanta ba shi ne gwada jarirai. Yaro bai san komai ba, a ɗora masa sunan cuta tun yana goye, ya tashi ana kallonsa a matsayin marar lafiya. Ba gara a bari ya girma ya zaɓa da kansa ba?

Masanin ƙwayoyin gado:
Sista, da cuta ce da ba ta tashi sai an girma kuma ba abin da za a iya yi, da na bi bayanki. Amma kin ji abin da Likitar ido ta ce, ana iya rasa ido tun ana ƙarami, ƙarin adirinal ma yana kama yara 'yan ƙasa da shekara goma. Idan ba a gwada ba, dole a bi duk yaran gidan da bincike kamar suna da ita. Idan aka gwada, rabinsu a lissafi za su fita, a sallame su daga hoto da ɗiban jini har abada, 'ya'yansu ma sun tsira. Inda nake tare da ke shi ne sirri: sakamakon na iyaye ne da likita, a kuma riƙa yi wa yaron bayani daidai da hankalinsa yayin da yake girma.

Jadawalin da aka fi bi, ko da yake ƙasashe suna ɗan bambanta: ido tun daga haihuwa, awon hawan jini daga shekara 2, metanefirin duk shekara daga shekara 5, MRI na kai da laka tare da gwajin ji duk shekara biyu daga shekara 11, MRI na ciki duk shekara biyu daga shekara 15. Wannan ga wanda ba a ga komai ba ne. Da an ga wani abu, tazarar takan ragu.

Likitan ƙoda da mafitsara:
Hoton cikin nan kada a yi wasa da shi, domin a ƙoda cutar tana haifar da kansa ta gaske mai yaɗuwa, har zuwa kashi 70 cikin ɗari na masu ita a tsawon rayuwa, yawanci wajen shekara 40, kuma a ƙoda biyun. Ba ta ciwo, ba ta sa jini a fitsari sai ta yi nisa. Mu ma muna da ma'aunin jira: santimita 3. Ƙasa da haka yaɗuwa abu ne mai wuyar gaske, don haka ana bibiya. Da mafi girma ya kai 3 sai a shiga a ƙwaƙule shi tare da sauran ƙananan da hannu ya kai, a bar ƙodar. Cire ƙoda ɗungurungum saboda ƙari ɗaya babban kuskure ne a nan, don ɗayar ma za ta yi nata, sai mutum ya ƙare a wankin ƙoda yana da sauran ƙuruciya. A fankiriyas, gaɓar da ke bayan tumbi mai samar da insulin, jakunkunan ruwa suna da yawa kuma galibi ba a taɓa su, sai dai ƙarin tsoka, shi ma ana maganar cirewa idan ya kai wajen santimita 3, ko 2 in yana ɓangaren gaɓar da ake kira kai.

Mai harhaɗa magunguna:
Ba a ambaci magani ba. Tun watan Agusta na 2021 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da belzutifan, mai sunan kasuwa Welireg, ga manya masu VHL da ke da ƙarin ƙoda, na ƙwaƙwalwa da laka, ko na fankiriyas, waɗanda ba sa buƙatar tiyatar gaggawa. Yana toshe HIF ɗin da Malam ya yi bayani. Ana shan miligiram 120 sau ɗaya a rana, ƙwaya uku masu 40. A gwajin da aka yi da mutum 61, kusan rabi ƙarin ƙodarsu ya ragu sosai, na ƙwaƙwalwa da na ido ma da yawa sun motse.

Illolinsa daga aikinsa suke fitowa. Tunda HIF ne ke sa a ƙera jini, kusan 9 cikin 10 suna samun ƙarancin jini, don haka ana auna jini kafin a fara da kuma a kai a kai. Yana iya rage iskar oksijin a jini, sai a riƙa aunawa da abin maƙalawa a yatsa. Mafi girma, yana lalata ɗan tayi. A yi gwajin ciki kafin a fara, mace da namiji duka su kiyaye ɗaukar ciki lokacin shansa da mako ɗaya bayan dainawa, kuma yana iya raunana ƙwayoyin hana ɗaukar ciki na homon, don haka ba a dogara da su kaɗai.

Likitar jijiya:
Na gode Malam. Abin da zan ƙara, maganin yana danne ƙari ne, bai gyara ƙwayar gadon ba, kuma bai ɗauke wa kowa jadawalin hoto ba. Wanda ya fi amfana a wajena shi ne mai ƙari da yawa da ke girma a lokaci ɗaya, ko mai ƙari a kututturen ƙwaƙwalwa inda wuƙa ke da haɗari, ko wanda ya sha tiyata har jiki ya gaji. Wanda jaka ta toshe masa mashigar ruwa kuwa ba a ba shi ƙwaya a ce ya jira.

Malamar jinyar yara:
Tunda an taɓo ciki, mace mai VHL da ke son haihuwa fa?

Likitan sa barci:
Ta kammala bincikenta kafin ta ɗauka, Sista: ido, kai da laka, ciki, da metanefirin. A maimaita metanefirin a farkon ciki da kuma kafin haihuwa, domin naƙuda da ƙarin adirinal da ba a sani ba haɗari ne ga uwa da ɗa. Masana sun saɓa kan ko ciki yana hanzarta girman ƙarin ƙwaƙwalwa, shi ya sa da yawa suke yin MRI na kai da laka ba tare da gadoliniyam ba wajen wata na huɗu. Hoton nan yana yi mana amfani ta wata fuskar: kafin a yi mata allurar baya don haihuwa, muna son sanin ko akwai ƙari a ƙasan laka inda allurar za ta bi, da ko ruwa ya taru a kai, don in ya taru allurar baya na iya jawo ƙwaƙwalwa ta zame ƙasa. In hoton ya fita tsaf kuma adirinal lafiya, yawanci tana iya haihuwa da kanta. In akwai babban ƙari ko jaka a ƙeya, sai likitan haihuwa da na fiɗar ƙwaƙwalwa da mu mu zauna tun kafin wata na tara a tsayar da yadda za a karɓi haihuwar da kuma asibitin da za a yi ta.